Watanni Ukun Ƙarshe: Jagora Ga Mai Cikin Fari

Daga mako na 28 ciki ya shiga zangonsa na ƙarshe. A lokacin nauyin jaririn bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, amma kafin ya fito zai kusan ninka haka sau uku, huhunsa ya yi ƙwari, kitse ya taru a ƙarƙashin fatarsa. Ke kuwa kusan kowane mako jikinki zai zo miki da baƙon abu, kuma wahalar cikin fari ke nan: ba ki da na baya da za ki kwatanta da shi. Wadda ta haifi uku ta san ciwon bayan da ake kwantawa ya wuce, ta san wanda ake neman mota a kansa. Ke ba ki sani ba tukuna, kuma wannan ba gazawarki ba ce.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun duba abin da ke sa mace ta rasa ranta wajen haihuwa alhali abin da ya same ta yana da magani. Suka ce jinkiri ne iri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mafi yawan biyun farko a hannun mutanen gida suke, kuma tun ciki yana wata bakwai ake maganinsu. A kan haka na gina wannan jagora: a gama shawara tun hankali yana kwance, don kada dare ya raba ana tsaye cirko-cirko kowa yana kallon kowa.

Fara da lissafi

Ana ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Kwana 280, wato mako 40, shi ne ranar da aka rubuta miki a katin awo. Kada ki ɗauke ta alkawari. Kusan jariri ɗaya cikin ashirin ne kawai yake zuwa a daidai ranarsa. Daga mako na 37 zuwa na 42 duk lokacin haihuwa ne, kuma cikin fari yakan ɗan zarce ranar. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, ranar da ya kamata ki zana wa layi a kalanda ita ce ƙarshen mako na 36. Kafin nan komai ya kammala. Idan hoton ciki da aka yi miki a watannin farko ya ba da wata rana daban da lissafinki, bi ta hoton, don wanda aka yi da wuri ya fi dacewa da gaskiya a kan wanda aka yi ciki ya tsufa.

Awo, da abin da za ki tambaya a can

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma biyar daga ciki a wannan zangon suke: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. Idan mako na 41 ya yi ba ki sauka ba, ki koma, domin a nan ne ake maganar tayar da naƙuda. An taƙaita tazarar ne saboda a waɗannan makonni matsaloli suka fi ɓullowa, kuma da yawansu ba su zuwa da ciwo. Mace tana iya jin garau alhali jininta ya hau.

Kada ki je awo ki miƙa hannu a ɗaura miki abin gwaji ki tashi ba ki san me aka gani ba. Tambayi lambar. Idan ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce, magana ta canza, musamman idan an ga furotin a fitsari. Wannan shi ne mafarin ciwon da ke kai mace ga jijjiga, kuma masu cikin fari suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Idan an gano shi da wuri akwai maganin sauke jini, akwai allurar da ke hana jijjigar, kuma likita zai san lokacin da ya fi dacewa a raba ki da cikin.

Tambayi yawan jininki ma. A lokacin ciki ruwan jinin jiki yana ƙaruwa da kusan rabi, jariri kuma yana ɗibar sinadarin ƙarfe yana tara wa kansa na watanninsa na farko. Idan awon ya nuna ƙasa da 11, akwai ƙarancin jini. Wadda ta shiga naƙuda da cikakken jini tana iya jure zubar da zai kwantar da wadda ta shiga da kaɗan, shi ya sa ƙwayar ƙarin jinin nan da ake bayarwa ba ta wasa ba ce. Na san tana sa tashin zuciya, tana busar da bayan gida, tana mai da shi baƙi. Baƙin ba komai ba ne. Idan tana damunki, sha da daddare, ki yawaita ruwa, kada ki haɗa ta da shayi ko kofi domin suna hana jiki zuƙar ta. In duk da haka ta gagara, faɗa a canza miki wata. Kada ki daina a ɓoye.

Sai rukunin jini. Idan naki nagetif ne, na maigida kuma fozitif, ana yin allurar anti-D, mai hana jikinki yaƙar jinin jariri, wajen mako na 28, a sake yi cikin awa 72 bayan haihuwa idan jinin jaririn fozitif ne. Ɗan fari ba kasafai abin ke taɓa shi ba. Ƙannensa ake karewa, kuma idan lokacin ya wuce ba a yi ba, gyara yana da wuya. Haka nan ki tabbatar an gwada ki don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da tunjere, saboda dukkansu akwai hanyar kare jariri daga ɗauka idan an sani kafin haihuwa. Duba katinki ko an cike allurar tetanos: idan ba ki taɓa yi ba, biyu ake yi da tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa. A inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro, karɓi maganin rigakafin da ake bayarwa a awo, ki kwana cikin gidan sauro kowane dare.

A mako na 36 tambayi yadda jaririn yake kwance. Yawanci kai ya riga ya juyo ƙasa, amma uku ko huɗu cikin ɗari sukan tsaya a zaune. Ƙwararren likita yana iya juya shi daga waje a asibiti, ko a tsara yadda za a yi haihuwar. Kada ki yarda wani ya murza miki ciki a gida da sunan gyara kwanciya.

Motsinsa shi ne saƙonsa

Akwai maganar da ake yawan faɗa wa masu cikin fari, wai idan haihuwa ta matso yaro yakan rage motsi saboda wuri ya yi masa kaɗan. Ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo asara mai ciwo. Salon motsin yana canzawa, shuri ya koma miƙa da birgima, amma yawansa ba ya raguwa, har cikin naƙuda yana motsi.

Daga yanzu fara lura da al'adarsa. Wani da zarar kin ci abinci yake tashi, wani sai kin kwanta da dare. Ranar da kika ji shiru ba kamar kullum ba, kwanta a gefen hagu, ki ajiye waya, ki sa hankalinki a kansa. Idan awa biyu ta yi ba ki ƙirga motsi goma ba, ko kuma kin ji a jikinki cewa ya yi sanyi fiye da yadda kika saba, tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Kada ki bari sai gobe, kada ki jira ranar awo. Idan aka saurari bugun zuciyarsa aka ce lafiya lau, ba ki ɓata wa kowa lokaci ba, kuma in ya sake faruwa ki sake komawa.

Daga mako na 28 kuma ki riƙa kwanciya barci a gefe, hagu ko dama. Idan kika kwanta rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, kamar an taka tiyon ruwa, sai jinin da ke isa ga jariri ya ragu. In kin farka kin tsinci kanki a rigingine kada ki firgita, juya kawai. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a bayanki, suna taimakawa sosai.

Alamomin da ba a kwana da su

Karanta waɗannan tare da maigida da duk wanda kuke gida ɗaya, domin wani lokaci mai ciwon ba ita ke iya yanke shawara ba. Zubar jini ta gaba, kaɗan ne ko mai yawa, da ciwo ko babu. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari musamman ta dama, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya. Jijjiga ko suma. Zazzaɓi. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa. Fashewar faya ko naƙuda kafin mako na 37. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa wanda ya fi tsananta da dare, domin yana iya zama daga hanta.

Game da naƙudar da ta zo da wuri, saurin zuwa yana da riba ta musamman: idan ciki bai kai mako 34 ba, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun bakwaini ya yi ƙwari, amma tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki.

Sauran damuwoyin, irin su ƙwannafi, yawan fitsari, ciwon ƙugu, ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, basir, da kumburin sawu da yamma wanda ke saɓewa da safe, na ciki ne, za su wuce. Ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ɗaga ƙafa idan kin zauna, yi tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa idan likita bai hana ba. Farasitamol ba shi da laifi in an sha bisa ƙa'ida, amma ibuprofen da danginsa ki nisance su a wannan zangon. Duk wani jiƙo ko ƙwaya da aka ce tana kawo naƙuda da sauri, bar ta. Mahaifar da aka tilasta wa matsawa fiye da kima tana iya toshe wa jariri iska, tana iya fashewa.

Zaman da za ku yi da maigida

Wajen mako na 32 ku zauna ku biyu, da takarda da biro. Wannan zaman ya fi duk sayayyar da za a yi muhimmanci.

A ina za a haihu? Ku je ku ga wurin da idonku. Ku tambaya ko suna aiki dare da rana, ko akwai likitan da ke yin tiyata a kowane lokaci, ko suna da jini a ajiye, ko suna da wurin kula da jariran da suka zo da matsala. Idan babu, ina suke tura mutum, kuma da wace mota? Ku san ƙofar da ake shiga da dare, don sau da yawa ba ita ce ta rana ba.

Da me za a tafi? Mota ɗaya ba ta isa shiri ba. A samu ta biyu da lambar mai ita, a rubuta a takarda a manna inda kowa zai gani, saboda waya tana mutuwa. Idan tsakaninku da asibiti akwai nisa ko hanyar ba ta da tabbas, ku yi tunanin komawa kusa daga mako na 37. Idan maigida matafiyi ne, a faɗa a fili tun yanzu cewa in abu ya taso ba sai an jira shi ba, kuma a ambaci wanda zai tsaya a madadinsa.

A ware kuɗin da ba za a taɓa ba, a lissafa har da yiwuwar tiyata. A nemi mutum biyu masu lafiya da suka amince za su ba da jini in an bukata. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma yana iya gamawa da mace cikin 'yan awoyi. Ba lokacin fara buga waya ana roƙo ba ne.

Sai maganar tiyatar kanta, wadda mutane ba su son a taɓo. Ku taɓo ta. Idan mabiyiya ta tare hanya, ko jariri ya gicciye, ko bugun zuciyarsa ya fara sauka, ko naƙuda ta tsaya cik, aiki shi ne hanyar da za ta fitar da ku biyu lafiya. Wadda aka yi wa aiki ta haihu, ba ragwanta ta yi ba. Maigida, idan ka riga ka saba da wannan tunanin tun yanzu, hannunka ba zai yi nauyi ba ranar da aka miƙo maka takarda.

A ƙarshe zaɓi wadda za ta zauna da ke a lokacin naƙuda. Bincike ya nuna matan da ke da mai tsaya musu tun farko har ƙarshe sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu kuma takan fi gajarta. Zaɓi mai sanyin rai wadda za ta iya yi miki magana da ma'aikata, ba wadda za ta riga ki fashewa da kuka ba.

Jaka da wurin kwanciya

Haɗa jaka a mako na 35 ko 36. Katin awo da sakamakon gwaje-gwaje su zauna a aljihun waje. Naki: kaya masu buɗewa ta gaba, audugar mata mai kauri da yawa, kamfai manya, rigar nono mai laushi, tawul, sabulu, silifas, cajar waya. Na jariri: riguna masu laushi, hula, safa, shawul, famfas ko nafkin. Tambayi asibitin ko suna da jerin abin da suke so a zo da shi. Kada ki tara ƙananan kaya da yawa, cikin 'yan makonni zai fi ƙarfinsu. Wanke su kafin ya sa. Ma'aunin zafin jiki kuwa saya, zai yi miki amfani fiye da yawancin abin da ake tallatawa. Idan kuna da mota, kujerar jarirai mai kallon baya ita ce hanyar ɗaukarsa, ba cinya ba.

Wurin barcinsa ya zama shimfiɗa mai ɗan tauri, a miƙe, ba matashi, ba tarin barguna, ba 'yar tsana. A rigingine ake kwantar da jariri kowane barci, dare da rana. Ƙasashen da suka yaɗa wannan shawara tun wajen 1990 sun ga mutuwar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai. Ya kwana ɗaki ɗaya da ke aƙalla wata shida, kada a sha taba kusa da shi, kuma kada barci ya ɗauke ki da shi a kan kujera.

Yadda za ki gane naƙuda

Tun makonni kafin haihuwa ciki zai riƙa ɗaurewa ya saki. Wannan atisaye ne. Ba shi da tsari, ba ya ƙaruwa, kuma in kin sha ruwa ko kin canza zama yakan lafa. Naƙudar gaske tana da tsari: ciwon yakan taso daga baya ya zagayo mara, ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauka, kuma kowane zuwa ya fi na baya tsawo da ƙarfi da kusanci. Hutu ba ya korar ta. Majina mai jirwayen jini tana iya fita kwana ɗaya ko kwanaki kafin nan, ita kaɗai ba ta sa a tashi.

Duba agogo daga farkon ciwo ɗaya zuwa farkon na gaba. Ga mai cikin fari, idan yana zuwa kowane minti biyar, yana ɗaukar kusan minti ɗaya, an yi awa guda a haka, kuma ba ki iya magana a tsakiyarsa, lokacin tafiya ya yi. In hanya da nisa, tashi kafin haka. Idan faya ta fashe, ko ɗiɗɗiga take yi, sa auduga ki duba launin, ki lura da lokaci, ki tafi ko babu ciwo. In komai lafiya, ruwan fari ne ko ruwan ɗorawa-ɗorawa mai haske. Idan kore ne ko ƙasa-ƙasa, jariri ya yi kashi a ciki, a yi sauri.

Ki sa a ranki cewa ta fari tana da tsawo. Kafin bakin mahaifa ya buɗe santimita 5 ana iya shafe yini ko fiye. Daga 5 zuwa 10 yawanci ba ya wuce awa 12, yunƙurin fitowa kuma yana iya kai wa awa uku. Idan aka duba aka ce santimita biyu bayan kin kwana kina fama, gwiwarki za ta yi sanyi, amma jikinki bai gaza ba, haka farkon yake tafiya. Matuƙar ba a ce akwai matsala ba, kina iya tafiya, durƙuso, jingina, shan ruwa da cin abu mara nauyi. Ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ta baki, kafaɗu a sake. Tambayi abin rage ciwo da suke da shi, ba abin kunya ba ne. Kada ki fara nishi sai ungozoma ta ce bakin ya gama buɗewa. Ƙari, wato ɗan yankan da ake yi a gaba don faɗaɗa wa jariri hanya, ba dole ne ga kowace mai haihuwar fari ba, sai da dalili ake yi, kuma danna ciki daga sama don a turo yaro abu ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da shi ba. Kina da ikon tambayar dalilin duk abin da za a yi miki.

Awa ta farko

Faɗa wa ungozoma tun kafin lokacin cewa kina son waɗannan, in komai lafiya. A goge shi a ɗora miki a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe ku tare har awa guda. A jinkirta yanke cibiya aƙalla minti ɗaya don jinin mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa. A yi miki allurar oksitosin da zarar ya fito, ita ce ke sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. A sa shi a nono cikin awar nan. Wanka ya jira awa 24, domin sanyi yana yi wa sabon jariri illa da sauri. Kafin ku fita a yi masa allurar bitamin K da rigakafin ciwon hanta, wanda ake so cikin awa 24, da sauran na haihuwa da ake yi a ƙasarku. Ke ma kada ki matsa a sallame ki kafin awa 24, don a cikinsu zubar jini ya fi zuwa.

Koyi shayarwa tun kafin ya zo

Ana zaton abu ne da ke zuwa da kansa, sai mace ta sha mamaki. Ruwan farko, dakashi, kaɗan ne, mai kauri, rawaya-rawaya. Kada a matse a zubar. Cike yake da garkuwar jiki, kuma cikin jariri a ranar farko ƙaramin cokali ɗaya ko biyu yake ɗauka a kowane sha. Nono sosai yakan kawo a rana ta uku zuwa ta biyar, kuma tsotso ne ke kawo shi.

Kama nono daidai shi ne sirrin. Juyo shi gaba ɗaya, cikinsa a jikin cikinki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi ɗaya. Sa kan nono daidai hancinsa, ki jira ya wage baki sosai, sannan ki jawo shi gare ki, ba ke ki sunkuya ba. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya cika bakinsa da baƙin da ke kewaye da kan, ba kan kaɗai ba. Za ki ga kumatunsa a cike, ki ji haɗiya. Idan zafi ya ci gaba bayan tsotson farko, sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi ki sake. Jurewa ita ke kawo tsagewar kan nono.

Zai sha sau 8 zuwa 12 a awa 24. Daga rana ta biyar, jiƙa nafkin shida ko fiye a yini alama ce yana ƙoshi. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko daidai ne, yakan mayar cikin mako biyu. Har wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, zuma kuwa sai ya shekara.

Makonnin farko a gida

Cibiya a bar ta da tsabta a bushe, kada a shafa komai sai abin da asibiti ya bayar. Takan faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu. A koma asibiti da jariri nan take idan ya ƙi shan nono, ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, yana jijjiga, numfashinsa ya kai 60 a minti ko ƙirjinsa yana lotsawa, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, cibiya ta yi ja ko tana ruwa mai wari, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da ƙafa. Duba idonsa da fatarsa a hasken rana, fitila tana ɓoye rawaya.

Ke kuma jinin biƙi yana iya kai wa mako shida yana raguwa. Idan kina jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ko gudaji manya suna fita, ko yana wari, ko ga zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, koma. Jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa ma.

Tun yanzu tsara wanda zai ɗauke miki girki, wanki da karɓar baƙi na aƙalla mako biyu, ki kwanta duk lokacin da ya yi barci. A rana ta uku zuwa ta biyar mata da yawa sukan tsinci kansu suna kuka ba dalili, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce, ko kin daina jin daɗin komai, ko barci ya gagara ko da yaro yana barci, ko tunanin cutar da kanki ko shi yana zuwa miki, faɗa wa likita ba tare da jinkiri ba. Fiye da mace ɗaya cikin goma ke shiga wannan hali, ciwo ne mai magani, ba rashin son ɗa ba ne. Maigida, sau da yawa kai za ka fara lura, kada ka yi shiru.

Rubuta ranakun komawa asibiti kafin a sallame ku: rana ta biyu zuwa ta uku, tsakanin rana ta 7 da ta 14, sai mako na shida. A ɗaya daga cikinsu ku yi maganar tazarar haihuwa, domin mace tana iya ɗaukar wani cikin tun daga mako uku bayan haihuwa, kafin ma ta ga al'ada, musamman idan ba nono zalla take bayarwa ba.